Akwati Mai Suna

Ta dire akwatin fatar a kan teburin mai gwanjo, ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Shi ya sayar mata, ranar da ta samu aiki a ƙasar waje.

"Nawa za ka saya?"

Ya ja zif, ya murza tayoyin, ya sake jan zif. Ya ƙi kallonta.

"Akwatin manya ne, amma da sunanki a mariƙinsa. Mai suna ba ya daraja a gwanjo."

"Ai kai ka buga sunan."

"Tafiyar fa?"

"Na fasa."

Hannunsa ya tsaya cak.

Ta kai ƙofa, ta dawo. "To kai shi gidanka. Mai sunan za ta biyo shi, in ka buɗe baki ka nema."