Sabon Gidan Jan Kifin Baba

Duk faɗin Makka, daga Jarwal har Rusaifa, ba a haifi wanda ya kai ni sanin kifin ado ba, tun ina yaro kuwa.

Wata rana Baba ya sayo babban akwatin gilashi don jan kifinsa, wanda yake ji da shi fiye da mu 'ya'yansa. Ni na zaɓo wa kifin abokan zama, ƙanana masu ratsi, suna jira cikin leda. Da Baba ya tafi sallar azahar, sai ni gwani na cika akwatin da ruwan famfo, na juye jan kifin ciki. Na manta tankinmu a saman soro yake, tun safe rana ke dukansa.

Kifin ya zabura ya bugi gilashi, sai ya kwanta ta gefe. Baba ya shigo, ya tsoma yatsa, ya fizge.

"Ya walad, kai yaro, kwano da ruwan sanyi! Yalla, maza!"

Na kawo da gudu, ya tsamo kifin da tafin hannunsa ya sa a ciki. Muka durƙusa gaban kwanon. Can wutsiyar ta motsa. Har yau in na tuna sai na yi gumi.

Baba ya dube ni ya ce, "Ƙaura na ce za mu yi masa, ba farfesu ba."