Kurɓi Ɗaya na Shayi

"Tsaya!" in ji tsohuwar mawaƙiyar opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, karo na shida. "Wannan waƙa ce ko kukan sauro? Daga ciki ake ɗauko murya, 'yar nan, ba daga hanci ba!"

Ɗalibai suka kwashe da dariya, yarinyar da ke rerawa ta sunkuyar da kai. Kwana biyu ta yi a jirgin ƙasa kafin ta iso birnin Almaty, don ta ji mawaƙiyar za ta zaɓi mutum ɗaya ta horar tsawon shekara. Su bakwai da suka riga ta rerawa, ko sau ɗaya ba a katse su ba. "Madalla" kawai suka sha.

"A ƙauyenku haka kike kiran dawakin babanki?"

"A'a, Malama."

"To kira su in ji!"

Yarinyar ta runtse ido ta saki murya, har mai kaɗa piyano ya zabura. Sai tsohuwar ta jawo butar shayi.

Ta cika wa bakwai ɗin kofunansu har baki. Murmushinsu ya fara dusashewa, don ko yaro a ƙasar nan ya san cikakken kofi sallama ce. Baƙon da ake so ya daɗe, kaɗan-kaɗan ake zuba masa.

Da ta zo kan yarinyar, kurɓi ɗaya ta tsiyaya, da ƙyar ya rufe gindin kofin.

"Sha a hankali," in ji ta. "Hancin nan naki aikin shekara ne."