Wutar Totuwa da Wutar Kara

Ranar wata Talata da hantsi, a shekarar da damina ta ƙi sallama, wata mata ta tura hannu cikin buhun masararsu ta ji ɗumi da laima. Ta san in aka bar ta haka funfuna za ta cinye ta, ga hadari ya rufe rana, babu zancen shanya. Sai ta jera duwatsu a ƙarƙashin rumfa, ta ɗora fallen kwano a kai, ta baza masarar kaɗan, ta hura wutar totuwa a ƙasa. Ita totuwa ba ta da garaje. A hankali take ci har ta koma garwashi, ta yi ta ba da zafi mai sauƙi. Matar na juyawa da ƙoƙo, in ta ciji ƙwaya ta ji ƙas, ta kwashe ta zuba wata. Mijinta kuwa sai kai da komo yake, don jibi kasuwa, kuma ya riga ya cika wa dillali baki. Ya leƙa ya ce, "Wannan wutar taki ko shayi ba za ta dafa ba." Ta ce, "Malam, busarwa muke yi, ba gashi ba." Ya jawo damin karan masara, ta mayar. Ya sake jawowa, ta sake mayarwa, har bakinta ya gaji da faɗa masa cewa kara harshen wuta gare shi, ba shi da garwashi.

Da aka kira azahar ta shiga ɗaki ta yi salla. Tana sallamewa ta ji ƙauri. Ashe mijin ya juye sauran masarar gaba ɗaya a kan kwanon, har da wadda ta ware don iri, ya cusa kara dami guda, ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon wuta na lasar rumfa. Kafin su kashe ta, tarin totuwar da ke gefe ya kama. Masarar ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ta sama na nan da laimarta, abin da za a busar da ita kuma ya zama toka. Ran kasuwa dillali ya ɗebi masarar ya shinshina, ya zubar, ya kakkaɓe hannunsa. Wadda ta tsira daga wuta funfuna ta gama da ita, da damina ta zagayo kuma a gidan maƙwabta suka roƙi iri.

Hausawa dai sun ce, sauri ya haifi nawa.