Kalma ta Huɗu

Tun daga takun takalminta Malam Ilu ya san Husaina ce. Yana zaune a dakalin ƙofar gidansa a Kabara, ya jingina da bango, inda ya saba zama tun da ya ajiye alli bayan shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci.

"Amarya, yau ma ba tuwo?"

"In tuwo kake so, tsoho, ka tare a gidana."

"Ango ya tare a gidan amarya? A wace ƙasa?"

Jikarsa ce, 'yar ɗansa marigayi, tana aure a Ƙofar Ɗan Agundi. Ta durƙusa ta ce tambaya ta kawo. Kakan wata ƙawarta ne a Ƙofar Na'isa, gidansa na ƙasa ya tsage, gara ta cinye azara, ga damina ta kankama. Ma'aikatan duba gine-gine sun liƙa masa takarda a ƙofa, shi kuwa ba shi da niyyar barin gidan da aka haife shi.

Malam Ilu bai miƙa hannu ya karɓi takardar ba. Ko a aji, ɗalibi ke karantawa, malami ya saurara. Ta karanto kalmar da ke sama: Notice.

"Sanarwa ce," in ji shi. "Sallama ce a ƙofar zaure, ba ta cizo, amma a amsa ta." Ya yi tsaki. "Digiri guda, ba ki san Notice ba!"

Ba ta rama ba, alhali ta saba ramawa.

Bayan sati biyu ta dawo da takarda ta biyu: Caution. Ya gyara zama ya warware mata ita kamar yadda Baturen makarantar mishan ya warware musu suna yara. Caution taka-sannu ce. Hanya tana nan, ana bi, amma da lura, kamar daɓen da aka wanke bai bushe ba. Yana bayani yana karkaɗe ƙasar da ta zubo masa a hula, yana mitar ƙadangarun bana, da suka yi yawa har ba sa barin mutum ya yi gyangyaɗi.

A kwanakin nan ne abokan hirarsa, Alhaji Sabo da Malam Yusuf, suka mai da tabarmarsu inuwar masallaci. Sun aiko ya biyo su, ya ƙi. Ya ce a ransa zumunci ma yana tsufa.

Ranar wata Alhamis aka wuni ana ruwa. Washegari Husaina ta zo, muryarta a dishe: Warning.

Wannan karon bai yi mata ba'a ba. Ya ce gargaɗi ne, kuma tsakaninsa da Caution akwai tafiya. Mai cewa Caution yana tsoron kada abu ya faru. Mai cewa Warning ya san zai faru, ranar ce kawai bai sani ba.

"Shin ba wanda ya faɗa wa bawan Allahn nan da Hausa?"

"Wa zai dubi dattijo ya ce ya bar gidan ubansa? Jikarsa ce kaɗai ke iya yi masa magana, ita kuwa duk abin da ta faɗa sai ya mai da shi wasa."

Ya yi 'yar dariya. "Ai ku jikoki ba a ɗaukar maganarku." Sai kuma dariyar ta tafi. "Gidan uba ba riga ba ce da za a tuɓe. Allah ya kawo masa mafita."

Ta ce amin, ta daɗe a durƙushe kafin ta tashi.

Kwana biyar bayan nan, da hantsi, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ledoji a lungu. Malam Ilu yana dakali yana toshe hanci, wai wani ya rasa lokacin fentin ƙofa sai tsakiyar damina. Husaina ta iso da sauri, babu takarda a hannunta.

"Ba su rubuta a takarda ba yau. Da jan fenti suka yi, a jikin bango."

"Faɗo mini harafi-harafi."

Ta faɗa, guda shida, tana tsayawa bayan kowanne: Danger.

A tsawon aikinsa bai taɓa gaggawar fassara kalma ba, bai kuwa fara yau ba.

"Hatsari," ya ce a hankali. "Ukun farko da mai gida suke magana. Wannan ba ruwanta da shi. Da masu wucewa take, su yi nesa. An gama da shi, Husaina."

Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta.

"To yaya za a yi, Malam?"

"A ɗauke shi. Yanzu, kafin ruwan nan ya sauko."

"Zai yi kuka. Zai ce an ci amanarsa."

"Ya yi ta yi. Mai rai ne ke kuka."

"Ka ce babu laifi a kan wanda ya ɗauke shi?"

"Na ce. Ki gaya musu Malam Ilu ne ya ce."

Ɗigon farko ya faɗo a bayan hannunta. Ta juya ta yafito mijinta Umair da ƙaninsa, waɗanda ke tsaye jikin adaidaita sahu a bakin lungu tun kafin ta iso. Suka taho ba hayaniya.

Sannan ta ɗaga kai ta sake duban haruffan nan shida, fentinsu bai ko bushe ba, taƙi ɗaya sama da hular tsohon da shekara bakwai ke nan bai ga ko tafin hannunsa ba.