Makarantar Bayan Ganuwa

Malam Aƙilu ya daki ƙofar ɗakin kwanan ɗaliban da ƙafa, can ƙasa inda ba ta cijewa, sannan ya matsa gefe don matarsa Batulu ta shiga ta ga abin da take ta naci a kai.

Wata guda ke nan ta hana shi sakat. Ɗansu Jibril ya gama firamare, Malam kuma ya riga ya yanke cewa wata makarantar kwana a Jos zai kai shi. Batulu kuwa ta kafe sai wannan ta bayan ganuwa, wadda daga gidansu na unguwar Kwarbai ko da ƙafa ana zuwa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, amma a wannan magana ta ajiye kunya gefe: yaron yana da ciwon ƙirji, sanyin Jos zai kwantar da shi, nan kuwa kullum ido na kansa. Malam ya gaji da gardamar macen da ba ta taɓa wuce Ƙofar Kibo ba sai a bayan mota, ya ce ta ɗauko mayafinta ranar Asabar.

To ga ta, ga makarantar. Gadajen ƙarfe ne hawa biyu, duk tsirara, wasu an shimfiɗa musu kwali, wasu tabarma. Kwanon rufin ya ɓule wuri huɗu, an jera bokitai a ƙarƙashi, ruwan jiya yana ciki har yanzu. Batulu ta ɗaga kai ta tuna rufin gidanta da aka sake bara, ta ja tsaki. A lungu guda ne kawai ta ga katifa, shuɗiya mai ratsin fari, ta ce irin ta ɗakin yaranta ce sak. Malam ya ce katifa ai duk kamarsu ɗaya, su wuce.

A bakin rijiya wasu ɗalibai suna wanki babu sabulu. Suna hango su suka miƙe tsaye, hannu a baya. Malam ko kallo ba su ishe shi ba. A wurinsa waɗannan ba ɗalibai ba ne, 'ya'yan ƙauye ne da aka sa wa gajeren wando, waɗanda in sun gama, gona za su koma, har yanzu ma ƙafafunsu da faso.

A wajen girki ya sa mai dafa abinci ya buɗe tukunya. Wake ne, ƙwari sun taso sama sun yi baƙi. Batulu ta toshe hanci da mayafi, ta tambaya a hankali ko ba a ce gwamnati na aiko da shinkafa da madarar gari duk zango ba. Mai girkin ya sunkuyar da kai yana ta juya ludayi. Malam ya taɓe baki, ya ce ina ruwan waɗannan da madara, ita dai ta faɗa masa ko yaron da ya saba da shayi mai kauri kowace safiya zai iya haɗiye wannan.

Ɗakin shan magani a kulle yake. Ya ce ba sai an wahala neman makulli ba, babu komai ciki sai yanar gizo da kwalin ƙwayar ciwon kai. Ya nuna mata bayan gida daga nesa, don wari bai bar su sun matsa ba. Ya nuna mata gidan da aka gina wa shugaban makarantar, jemagu sun mamaye shi, ya ce ko mai gidan bai yarda ya kwana a ciki ba. Yana faɗa yana jin daɗi, kamar mai ƙirga laifin maƙiyi, don ya ga hujjojinta suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

"Nan kike so in jefa ɗana?" ya ce. "In ƙirjin ya tashi, wa zai waiwaye shi?"

Batulu ta share ido da gefen mayafi. Ta ji zafin rabuwar tun yanzu, amma ta ce a kai shi Jos ɗin, za ta saƙa masa rigunan sanyi.

Suna isowa bakin ƙofar makaranta, inda motarsu take, wani manomi ya taso daga gindin dalbejiya ya durƙusa. Maigadi Dogara ya ce sunansa Tanko, tun safe yake jira. A bayansa ga ɗansa, tsaran Jibril, siriri, da akwatin ƙarfe a ka, yana ɗan tari. Tanko ya miƙo wata takarda da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, shi ke nan gare ni namiji, kuma ba ya da ƙwarin jiki. Uwarsa ce take ta kuka. Na ce bari in ji daga bakin manya, wurin yana da kyau?"

Batulu ta buɗe baki, Malam ya yi mata kallo guda, ta rufe.

"Ka yi dace," ya ce wa Tanko, yana murmushi. "Duk lardin nan babu kamarta. Ka bar shi, ka koma gonarka hankali kwance."

Ya ɗora takardar a kan mota, ya zaro alƙalami daga aljihu, ya rattaba hannu a inda ya saba rattabawa shekara goma sha ɗaya, saman layin da aka rubuta Shugaban Makaranta.