Zinariyar Gefen Gado

Cokalin ya sake suɓucewa daga hannun uwargida, karo na uku a safiyar nan. Mijinta, wanda masu neman zinariya a rafi suke kira Mai Bargo, ya ɗauka ya goge, ya ci gaba da ba ta abincin da kansa.

"Malam, ka mayar da ni jaririya," in ji ta, harshenta yana sarƙewa.

"Jaririya mai furfura? Buɗe baki, ranki ya daɗe."

Al'amarin ya faro ne daga karayar ƙugu da ta kwantar da ita. Ƙashi ya warke, amma sai karkarwa ta maye gurbinsa: da fari yatsu, daga bisani leɓɓa, har ta kai sunan 'yarta ta fari yana ɓace mata. Dattijon ya ƙudura a ransa cewa sai babban likita ya duba ta, ko da rafin zai tatse kaf.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: shebur, kasko, kwalbar zaiba, da kwararon katako shimfiɗe da tsohon bargo, wanda gashinsa ke riƙe ƙwayoyin zinariya idan an kwarara rairayi da ruwa. Yakan wuni a cikin ruwa har gwiwa, domin abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Sauran ma'aikata a bakin rafi suke ƙarasa aikinsu. Shi kuwa, kasancewarsa mutum mai sanin haƙƙin zaman tare, ya ga bai dace ya bar mara lafiya cikin kaɗaici ba. Tun ranar da ta kwanta, yakan dawo da ɗan curin zinariyar da ya cuɗa da zaiba gida da yamma, ya rufe taga saboda idon maƙwabta, ya ɗora shi a garwashi a gefen gadonta. Nan kaɗai take murmushi, tana leƙawa, tana kallon yadda launin toka ke juyewa ruwan ɗorawa.

"Yau ya fi na jiya," takan ce.

"Gobe zai fi na yau. Kin kusa miƙewa."

Ba ta miƙe ba. Ya ƙara himma, jiki ya ƙara tsanani. Bayan wata tara abin da ya tara ya isa, aka kai ta asibiti a kwance.

Likitan ya daɗe yana duban takardar gwaji, sa'an nan ya cire tabarau.

"Baba, wannan ba tsufa ba ne, kuma abin da ya lalace ba zai gyaru ba. Jininta cike yake da zaiba, irin wadda ake shaƙa idan an ƙona ta. Abin da na kasa ganewa shi ne, matar da ba ta iya taka ƙofar ɗaki, wa yake kawo mata hayaƙin har gado?"