Tsohuwar Karta

Alƙalin gasa ya ajiye karta kashi biyu a kan tabarma, sabuwa a ledarta da tsohuwar da aka shekara goma ana bugawa, ya ce baƙo ne zai zaɓa.

Gaban gwanin Kankia ya faɗi. Tun bara yanar ido ta rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba. Da yatsa yake gane tsohuwar, kowace da lanƙwasarta. In aka ɓare sabuwa, yau asirinsa zai tonu a gaban mutanen garinsu. 

Baƙon, dattijon Kusada da zai kara da shi, ya laluba, ya ɗauki tsohuwar, ya sunkuyo daidai kunnen gwanin.

"Bar rawar jiki, abokina. Ni ma shekara biyu ke nan da yatsa nike gani."